Kai Mai Lamba Goma Sha Bakwai

Aikin Tak Mi-ran ƙirga gashin mutane ne. In ta faɗi haka a wurin biki sai a kwashe da dariya, a ɗauka ba'a take yi. Ita ko a jikinta, don ta san rabin mazan da ke dariyar sun tsaya gaban madubi da safen nan suna ƙirga nasu, kuma lissafin bai yi musu daɗi ba.

Ofishinsu yana hawa na huɗu na wani gini a birnin Daejeon, ɗaki ɗaya mai labule masu kauri, tebur biyu, manyan allunan kwamfuta biyu. Tebur ɗaya nata, ɗayan na Ok Bun-hi, sa'arta, mace mai jiki da baki, wadda shekara tara suna zaune kafaɗa da kafaɗa. Wani kamfani ne yake gwajin sabon maganin sanƙo a asibitoci huɗu, su kuma aka ba su ƙirga.

Ranar da za a fara, Dokta Chu, shugaban sashensu, ya tsaya ya yi musu bayani, yana shafa nasa kan da babu abin shafawa. Ya ce sinadarin da ke ba namiji gemu da kaurin murya, shi ne kuma yake zuwa ya shiga saiwar gashin kai ya hana ta girma. Yana shiga ne ta wata ƙofa, ƙofar kuwa ƙwayar gado ce take aika saƙo a sassaƙa ta. Wannan magani allura ce a fatar kai, tana tare saƙon a hanya ta yayyaga shi. Ba a taɓa ƙwayar gadon ba, an dai sa ta yi shiru na 'yan makonni.

Bun-hi ta ɗaga hannu ta ce, "Dokta, in an gama da kai a gwada a harshe. Ina da miji a gida, kyauta zan bayar da shi."

Dokta Chu bai yi dariya ba, dama ba ya yi. Ya ci gaba da ƙa'idoji. Rabin mutanen magani za a yi musu, rabi ruwan gishiri, kuma ba su ba, ba likitocinsu ba, babu wanda ya san nasa. Duk mako huɗu za a ɗauki kowa hoto biyu. Na farko daga sama, mutum ya dafa haɓarsa a kan ƙarfe, a ɗauki tsakar kansa, fuska ba ta fitowa. Na biyu na wani ɗan wuri ne kamar faɗin farcen babban yatsa, wanda aka aske aka yi wa ɗigon shuɗi da allura don kada a ɓata wurin. Shi ake faɗaɗawa a allo a ƙirga sili-sili. Mai ƙirga ba ta sanin suna, ba ta sanin gari, lamba kawai take gani. Wadda ta fara kai ita za ta gama shi, don kowane ido da halinsa. In kuma mai ƙirga ta zaci ta san mai kan, dole ta faɗa nan take a ɗauke mata shi.

Wannan ta ƙarshen ba wanda ya saurara da kyau. Wa zai gane mutum ta tsakar ka?

A cikin watan Maris, wata Talata da hantsi, Mi-ran ta buɗe kai mai lamba 03-017, wato mutum na goma sha bakwai a asibiti na uku. Sanƙo ne irin na kowa, goshi ya ja baya, tsakiya ta yi fili, ɗan abin da ya rage siriri kamar gashin jariri. Amma a bayan filin, inda gashin mutum yake juyawa kamar guguwa, wannan kan guguwarsa biyu ce, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, sun juya wa juna baya. Wannan ma ba wani abu ba ne, ta ga irinsa da yawa. Sai idonta ya sauka gefen hoton, inda saman kunnuwa suke leƙowa. A saman kunnen hagu akwai 'yar tsaga, kamar an ɗan ciji gefen waina.

Ta ɗauke hannunta daga kan tebur ta ɗora a cinya.

Ita ta yi tsagar nan. Tana da shekara goma sha takwas, ƙanenta Gi-tae yana da bakwai, a tsakar gidansu na Tongyeong, garin bakin teku, uwarsu ta tafi ɓarar kawa, abin tekun nan mai ɓawo da ake cin tsokarsa, tun asuba kamar kullum. Ta zaunar da shi a kan kifaffen bokiti, ta yafa masa jarida mai huda a tsakiya, tana rage masa suma da almakashin ɗinkin uwar. Wani kare ya yi haushi, yaro ya juya, almakashi ya tafi da gefen kunne. Ta fi shi kuka ranar. Daga nan duk sanda za ta yi masa aski sai ya sa hannu biyu ya kama kunnuwansa ya lanƙwasa su ƙasa, ya runtse ido, ya ce, "To Yaya, na kwashe kayana, ki yi sassabenki." Haka ya riƙa yi har ya tafi soja, gardi guda, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa a kan bokitin.

Uwarsu takan leƙo ta dangwale masa tsakar kai ta ce, "Guguwa biyu, aure biyu. Wannan sai ya wahalar da ni."

Bai wahalar da ita ba, don ba ta kai ga ko ɗaya ba. Ta rasu yana da ashirin da takwas, saura wata huɗu bikinsa. Lokacin sanƙon ubansu ya riga ya kama shi, ya ci rabin kan, shi kuwa ya ɗauki abin da zafi fiye da kima. Wata baƙar hula hana-salla ce da shi, da ita yake cin abinci, da ita yake zuwa zance. Iyayen yarinyar ma ba su taɓa ganin tsakar kansa ba.

A zauren makoki, ɗa namiji shi ke tsayawa gefen hoton mamaci kwana uku, duk wanda ya zo ya rusuna wa hoton ya juyo su rusuna wa juna. Gi-tae ya sa baƙar kwat, ya ɗaura ƙyallen makoki a dantse, ya bar hular a kansa. Ranar farko kawunsu ya yi gyaran murya. Rana ta biyu matan da ke raba miyar nama suka fara ƙus-ƙus. Mi-ran kwana biyu ba ta runtsa ba, ita ce dafa wannan, ita ce tari wancan, ita ce kuma ta yi jinyar shekara uku. Daidai lokacin da surukansa suka shigo suka cire takalma, kawun ya raɗa mata cewa ɗan da ta rena ko kunyar gawar uwarsa ba ya ji. Ba ta san sanda ta isa gabansa ba. Ta fizge hular, ta ce da ƙarfi, kowa na ji, "Kunyar kanka ta fi maka uwarka?"

Ba wanda ya yi dariya. Da ma an yi, da ya fi sauƙi. Zauren ya yi tsit, fitila tana haska tsakar kansa, gumi ya manne ɗan gashin da ya rage. Ya rusuna wa surukansa a haka, har ƙasa, sau ɗaya, yadda ake yi. Ya tsaya a haka har rana ta uku, ya ɗauki hoton uwarsa ya shige gaban gawa. Da aka gama komai ya ce zai je ya sayo sigari.

Shekara goma sha uku ke nan. Auren bai yiwu ba, ko saboda hular ko saboda wani abu, ba wanda ya gaya mata. Ya canja lambar waya, ya bar wurin aikinsa. Da ta je wurin 'yan sanda suka neme shi suka same shi, suka dawo suka ce mata yana raye, lafiyarsa ƙalau, ya ce kada a faɗi inda yake, kuma babban mutum yana da wannan 'yancin. Hular tana saman durowarta a cikin leda, almakashin yana cikin gwangwanin biskit tare da zare da maɓallai. Duk shekara ranar tunawa da uwarsu ita kaɗai take jera abinci, ita take zuba giyar da ɗa namiji ya kamata ya zuba. Masu magana sun ce da-na-sani ƙeya ce, a baya take. Ita tata sai ga ta a gaba, a kan allo, an faɗaɗa ta.

Ya kamata ta tashi ta tafi ofishin Dokta Chu. Taku goma sha biyu ne. Maimakon haka ta buɗe hoto na biyu, ta nemo ɗigon shuɗin, ta fara ƙirga. Sili casa'in da ɗaya.

Kada wani ya ce ba ta san abin da take yi ba. Ta sani sarai. Amma wanda ya yi shekara goma sha uku yana leƙen fuskokin mutane a tashar jirgi, a ba shi tsakar kan wanda yake nema duk wata, a ce ya mayar da hannunsa, ai an nemi abu mai yawa.

Haka ta shiga rayuwar mako huɗu-huɗu. In hotunan asibiti na uku suka iso, sai ta ƙirga na kowa ta bar goma sha bakwai ƙarshe, kamar yaro da tsokar nama. Daga tsakar kai kaɗai ta karanta abubuwa da yawa. A Afrilu fatar ta yi duhu, ta ce aikin waje yake yi. A Mayu wuyan rigar da ya ɗan fito a hoton a goge yake, ta kwana biyu tana tunanin wa ya goge. A Yuni ta ga layin da hula ke bari a fata, zagaye guda, ta gane har yau yana sawa, sai a bakin ɗakin hoto yake cirewa. A watan nan ne kuma ta ga sili ɗaya fari, kusa da ɗigon, a tsaye shi kaɗai. Yaron da ta goya har ya yi furfura ba ta nan. Ta shiga banɗaki ta kunna famfo ta yi kukanta, ta dawo ta ƙirga shi cikin 'yan'uwansa.

Wasu kawunan sun fara cika. Ƙananan silika masu laushi suna fitowa a inda babu, wata mai zuwa su yi kauri, su yi baƙi. Na goma sha bakwai kuwa baya-baya yake yi: casa'in da ɗaya, tamanin da tara, tamanin da takwas, tamanin da shida. Ba a gaya mata ba, amma idon da ya shekara tara a aikin nan ba ya buƙatar a gaya masa. Ruwan gishiri ake yi wa ƙanenta. Duk wata yana cire hularsa gaban baƙi, a soka masa allura ashirin a fatar kai, ya koma gida ya duba madubi. Ta sha riƙe hannunta a kan wani ɗan duhu da ba ta tabbatar gashi ba ne, tana so ta ƙara masa ko ɗaya. Ba ta taɓa ƙarawa ba. Ƙarin da aka yi a takarda ba ya tsirowa a kai.

Ranar da hotunan mako na ashirin suka iso, cikin zafin Agusta, suka fita cin taliya mai sanyi ita da Bun-hi. Bun-hi ta datsa taliyarta da almakashin shagon, ta zuba ruwan tsami, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Wane ne goma sha bakwai?"

"Wane goma sha bakwai?"

"Ke, rufa mini baki. Kai ɗaya minti ashirin ne, na mai taurin kai rabin awa. Ke kina zama a kan wannan har shayinki ya huce, ki dawo daga banɗaki hancinki kamar barkono. Da farko na ce ko tsohon saurayi ne, na ce kai, ashe Mi-ran ma an taɓa yi. Sai na tuna ke ko kyanwa ba ki taɓa ajiyewa ba."

Mi-ran ta ajiye tsinkayen cin abincinta. Ta faɗa mata guguwa biyu, da tsagar kunne, da hula. Kama kunnen nan na lokacin aski ne kawai ba ta faɗa ba, bai zo mata ba.

Bun-hi ta daɗe tana tauna. Sannan ta ce, "Saura hoto nawa?"

"Ɗaya."

"Daga nan fa?"

"Daga nan a rufe."

"To aski ya zo gaban goshi. Me kika shirya?"

Mi-ran ta ce ta yi tunanin ta ƙi karɓar hoton ƙarshe, ta ce ya yi dishi-dishi, don a sake kiransa cikin kwana uku, ita kuma ta je ta zauna a bakin ƙofa.

"Ƙofar wane asibiti? Kin san inda na uku yake? Ni ban sani ba. A ce ma kin sani. Mutum ya fito da audugar allura a ka, hula a hannu, ya yi kiciɓis da ke. Sau nawa za ki kama bawan nan ba shiri?"

Maganar ta shige ta kamar ƙaya.

Bun-hi ta tsame rabin ƙwan da ke cikin kwanonta ta jefa a na Mi-ran. "Ci. Kin taɓa karanta takardar nan ta bayyana sanayya? Ni na karanta, ranar da wuta ta ɗauke ba abin yi. In kin cike ta, ba a aljihun Dokta take tsayawa ba. Asibitin ake aika wa. Su kuma dole su zaunar da mai kan su karanta masa, su ce wata ma'aikaciya ta ce ta gane ka, ga sunanta, ga dalilinta, za ka ci gaba ko za ka fita. Haƙƙinsa ne. Duk duniyar nan wasiƙa ɗaya ce za ki rubuta ta isa hannunsa, ita ce wannan."

"Za a ɗauke mini shi."

"Za a ɗauke. Ni za a jibga wa, in sake ƙirga shida daga farko, na gode ƙwarai."

"In ya ji sunana ya fita fa? In ya sake ɓacewa?"

"To ya fita. Amma wannan karon shi ya cire hularsa ko ya bar ta, ba ke ba."

Kwana huɗu Mi-ran tana juya maganar. In ta yi shiru tana da hoto ɗaya tabbas, ta gan shi sau ɗaya, shi ke nan har abada. In ta yi magana ba ta da ko ɗaya, sai dai ya san tana nan. Tana son hoton nan kamar ranta. Ranar Litinin ta buɗe na mako ashirin, ta kalli guguwa biyun da 'yar tsagar har ta haddace, ta rufe, ta yi taku goma sha biyun.

Dokta Chu ya saurare ta yana kallon bango. Da ta gama ya ce, "Malama Tak, tun yaushe?"

"Tun Maris."

"Maris." Ya cire tabarau ya goge ya mayar. "Wata biyar kina zaune a kan ƙa'idar da na karanta miki da bakina. Kin taɓa lissafin?"

"Ban ƙara ko sili ba, Dokta. A sake ƙirgawa a gani."

"Za a sake, ba sai kin ba ni izini ba."

Ya ce an cire ta daga wannan gwaji gaba ɗaya, takardar gargaɗi za ta shiga fayil ɗinta, sauran kuma sai abin da na sama suka yanke. Ya zaro takardar ya tura mata da biro. Layi uku ne. Sunan ma'aikaci, ta rubuta Tak Mi-ran. Dangantaka, ta rubuta yayarsa. Dalilin ganewa, nan ta tsaya. Shekara goma sha uku tana tsara abin da za ta ce masa, a bas, a wanka, a gaban hoton uwarsu, ga shi an ba ta wurin da bai fi tsawon yatsa ba. Ta rubuta: kunnensa na hagu, ni na yanke shi. Ta ɗan jima, ta ƙara a ƙasa da ƙananan baƙaƙe: hularsa tana wurina.

Dokta Chu ya karanta. Ya ce, "Wannan na ƙasan ba dalilin ganewa ba ne."

"Na sani."

Ya kalli takardar, ya kai hannu ya shafa tsakar kansa, ya buga hatimi bai goge komai ba.

Aka juya teburinta ya fuskanci taga, aka ba ta hotunan wani gwajin, na farcen ƙafa masu ciwo, ta riƙa auna inda ya ruɓe da inda ya warke. Bun-hi ta sake ƙirga shidan, lissafi ya fito daidai da na Mi-ran, bambancin sili ɗaya a wata guda, ta yi kwana biyu tana cewa nata ne daidai. Daga asibiti na uku ba a ji komai ba. In ya fita, takarda za ta zo. In bai fita ba, hoto zai zo. Mi-ran ta koyi jin ƙarar saƙo a kwamfutar Bun-hi ta bayanta, duk ƙara sai ta dakata da aiki ta kasa kunne. Ta rame. Wayarta ba ta rabuwa da ita ko banɗaki, alhali ta san ba shi da lambarta.

Hotunan ƙarshe suka iso ana saura kwana shida bikin Chuseok, babban bikin kaka da dangi ke haɗuwa, garin duk ya cika da kwalayen tsaraba. Mi-ran tana kan farce na tara ta ji Bun-hi ta ja kujera, ta ji ƙarar linzamin kwamfuta, ɗaya bayan ɗaya, ɗaya bayan ɗaya. Ba ta juya ba. An hana ta, kuma ko ba a hana ta ba wuyanta ya ƙi. Har aka kusa tashi cin abinci Bun-hi ba ta ce uffan ba, abin da bai taɓa faruwa ba a shekara tara.

Can ta ji ta yi tsaki.

"Ni ba da kowa nake ba," in ji Bun-hi, "da tagar nan nake. Amma mutane ba su da tausayi. Wata shida mutum yana zama daidai, haɓa a kan ƙarfe, hannu a cinya, sai ranar ƙarshe zai ɓata mana hoto. Yanzu sai na rubuta a sake ɗauka, ga hutu ya zo."

Mi-ran ta ce wa tagar ita ma, "Ya motsa ne?"

"Ina fa motsi. Hannuwa ya sa a ciki. Ƙato da shi, ya kama kunnuwansa biyu ya lanƙwasa su ƙasa, ya riƙe gam. Ita ma mai ɗaukar hoton ta rubuto a ƙasa, wai ta ce ya sauke ya ƙi, ya ce a ɗauki wannan tukuna a aika, in ya so a sake wani. Ko me yake nufi oho. Ko tsoro yake kada a ƙara yanke masa."

Mi-ran ta dafa teburin da hannu biyu. Farcen da ke kan allonta ya narke ya zama ruwa. Ta ji ƙamshin jarida da rana ta gasa, da ƙarnin ɓawon kawa a bakin rariya, ta ga ƙeyar yaro siririya a sunkuye tana jiran ta. Kukan da ya zo mata ba irin na banɗaki ba ne, bai tsaya neman famfo ba.

Bun-hi ta taso da gudu, silifas ɗaya a ƙafa. "Ke, lafiya? Abin mugu ne? Na faɗi abin da bai kamata ba?"

Mi-ran ta girgiza kai. Sai da ta samu numfashi ta ce, "Cewa ya yi in yi sassabena."

Bai aiko da lamba ba, bai ce ga ranar da zai zo ba. Sunan ofishinsu da adireshinsa suna saman takardar da aka karanta masa, in ya ga dama ya san hawa na huɗu. Wannan ya rage nasa, kuma ta yarda ya rage nasa.

Washegari da tsakar rana ba ta bi Bun-hi cin abinci ba, sai Bun-hin ce ta biyo ta, tana mita, har cikin tsohuwar kasuwa, layin masu kifi, inda wani tsoho yake wasa wuƙaƙe a kan dutse. Mi-ran ta buɗe jaka ta zaro almakashin uwarta a naɗe cikin hankici. Ledar hular ma tana cikin jakar, tun safe take yawo da ita.

Tsohon ya buɗe almakashin ya rufe, ya kanga shi a haske. "Wannan ya ga duniya. Na ɗinki ne. Yadi za ki yanka, Malama?"

"Gashi."

"To sai na yi masa baki mai laushi." Ya yayyafa wa dutsen ruwa ya fara.

Bun-hi ta tsaya riƙe da ƙugu tana kallon su. Ta ce, "Ke Mi-ran, ba don in ɓata miki rai ba. Ni fa na ga kan nan jiya da idona. Me za ki aske a wurin?"

Mi-ran ba ta ɗauke ido daga bakin almakashin ba.

"Akwai saura," ta ce. "Na ƙirga."